Minti Bakwai

Shekara talatin da takwas na yi a tashar jiragen ruwan Valparaíso
ina ɗaga kwantena da yatsu biyu,
ban taɓa kayar da ko ɗaya ba.
Yau abin da bai kai burodi nauyi ba
ya mai da ni ɗan koyo.

Jikata Rayén ce ta zaɓo shi.
Ta ce, Kaka, bar mai tsada,
ɗauki wanda in ya faɗi ba za ka yi kuka ba.
Farfela huɗu, kowace da shingen roba,
batir biyu, kowane minti bakwai,
da wasu farfeloli takwas a leda, na ko-ta-kwana.
Wanda ya ƙera shi ya san irinmu.
Kuɗinsa bai kai na maganin gwiwata na wata guda ba.

Ranar farko ya tashi yana kukan zanzaro,
ya nufi bango, ya gaishe shi da goshi.
Ta biyu ya shige zanen gadon Doña Zunilda a igiyar shanya.
Ta miƙo mini shi ta taga, riƙe da ƙafa ɗaya,
kamar ɓeran da ta tsinta a madafa.
Eleuterio, ta ce, da girmanka?
Na ce, ai shi ya sa.

Na ƙirga faɗuwa goma sha tara, na bar ƙirga.
Ya sauka kan kwano, ya sauka a kwata,
karen layinmu ya ɗanɗana ya tofar.
Sai in hure yashi, in miƙe farfela da haƙori,
in naɗe ƙafar hagu da salatif,
ya sake tashi a ɗan karkace.
Haka nake tashi nima da safe.

Saki kafaɗa, in ji Rayén,
ba ƙarfe kake ja ba.
Iskar teku tana da ra'ayinta, ka bar ta ta gama.

Akwai abin da ban gaya mata ba.
Can ƙolin tudu, bayan matakala ɗari biyu da goma sha huɗu,
akwai itacen lemun tsami
da Griselda ta dasa a gwangwanin fenti
shekarar da muka yi aure.
An sayar da gidan. Ita ta riga ni.
Shekara shida ke nan gwiwa ta ce a'a.

Amma araha ba ta ado.
Mita tamanin yake zuwa, in ya wuce nan
ba ya jin kirana.
Na auna da ido daga ƙofar gida, bai kai ba.
Dole ni in rage masa hanya.

Ran Lahadi na hau matakala casa'in.
Sau uku ina zama.
Rayén na biye da rimot a wuya, ba ta tambaye ni komai ba.

Ya tashi. Ya wuce wayar lantarki, ya wuce tankin ruwa.
Hoton na rawa a fuskar wayarta,
ko hannuna ne, ban sani ba.
Ga rufi shuɗi, da ja ne.
Ga keken wani yaro a kife.
Ga kore, ya haura katanga,
da ɗigo-ɗigon rawaya, sun fi ƙarfin ƙirga.
Wani ya rataye rigarsa a reshe, tana bushewa.

Jar fitila ta fara ƙiftawa.
Na juyo da shi a hankali, yadda nake sauke kayan fashi a da,
ya dira kusa da takalmina, ko ƙura bai tayar ba.

Mu sauka? in ji Rayén.
Na taɓa aljihu, batir na biyu yana nan da ɗuminsa.
Na ɗaga kai.
Saura ɗari da ashirin da huɗu.
Na ce riƙe min jirgin tukuna,
ki ba ni kafaɗarki ta dama.